Sau nawa kulob ɗin masu jip zai fita barr a shekara? Ga yadda muke lissafa namu a Jidda

Shekarar da muka fara haɗa kanmu, mu 'yan unguwa ɗaya da wasu abokan aiki masu manyan motoci, wani ya jefa tambaya a guruf ɗin WhatsApp wai sau nawa za mu riƙa fita barr, wato yawon sahara da motoci. Kafin a kira isha'i ƙuri'a ta cika, kusan kowa ya danna "kowace Juma'a", har da wanda motarsa ke gareji tun watan jiya, har da wanda ko shebur bai mallaka ba. Fitar farko mota goma sha huɗu muka jera a wani gidan mai a hanyar Usfan, ana ta hoto ana ta yalla yalla. Fita ta biyar mota uku. Ta shida kuwa ni kaɗai na tsaya a gidan man nan da fulas biyu na shayi da tukunyar kabsa, shinkafa da nama, ta mutum ashirin a but, duk wanda na kira sai ya ce "wallahi Alhaji yanzu nake shirin kiran ka". Na juya gida, maƙwabta suka ci kabsa, uwargida kuma har yau in ta so tsokana ta sai ta tambaye ni ko yau ma akwai walima.

To tun daga ranar na daina tambayar mutane sau nawa suke so, don amsar kullum ɗaya ce kuma ba ƙarya suke yi ba, ɗoki ne, a lokacin da suke dannawa har zuciyarsu haka suke ji. Adadin fita ba a ƙuri'a ake samun sa ba. Zama ake yi da kalanda da biro a yi ta sokewa, abin da ya rage a auna shi da yawan mutanen da za su iya jan ayari su dawo da shi lafiya. In kuna shirin kafa irin namu, a Makka ne ko Madina ko Riyad, ga yadda muke yi.

Ku fara yarda a kan mene ne "fita"

Rabin gardamar da ake yi a irin waɗannan guruf-guruf daga nan take, wani yana cewa sau ashirin wani yana cewa sau shida, alhali ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Akwai kashta, wato a fita bayan la'asar wani fili kusa da gari a shimfiɗa darduma a ɗora gahawa a gasa nama yara su yi guje-guje, a dawo bayan isha'i. Wannan ko ƙaramar mota za ta iya zuwa. Akwai taɗ'is, hawa da gangara a tudun rairayi, wanda sai mota mai dabal, wato mai ja da tayoyi huɗu, da direban da ya san abin da yake yi. Sai doguwar tafiya mai kwana, irin zuwa ramin Wahba can gaba da Ɗa'if, ramin nan mai faɗin kusan kilomita 2 da farin gishiri a ƙasansa. Nauyin ukun nan ba ɗaya ba ne ko kaɗan, tafiya ɗaya mai kwana ta fi kashta huɗu cin kuɗi da jiki.

Sannan ku raba fitar kulob da fitar abokai. In mutum uku suka kira juna ranar Asabar suka tafi wajen Bahra, wannan nasu ne, Allah ya kai su ya dawo da su, ba ya cikin lissafi. Wadda ake ƙirgawa ita ce wadda aka sanar da sunan kulob, aka sa mata jagora, sabon shiga zai iya zuwa ya dogara da ku. Ita ce mai nauyi a wuya.

Kalanda

Shekara tana da ƙarshen mako 52, kuma tun 2013 hutun nan Juma'a da Asabar ne, sai dai yawancin mutanenmu masu aiki a shaguna da kamfanoni da tuƙi Juma'a kaɗai suke samu, ita ɗin ma sai an sauko daga masallaci. Ka riƙe wannan a ranka tukunna.

Yanzu soke zafi. Daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba babu maganar rairayi da rana, ƙasar da hukuma da kanta take hana leburori aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kai kuma ka ce za ka je ka haƙa mota a tsakiyar jigawa? Rairayin ma a lokacin ya bushe ya yi laushi kamar gari, mota ta fi saurin kafewa, inji yana aiki da ƙarfi yana tafiya a hankali, allurar zafi tana hawa, taya tana fashewa. Oktoba a Jidda har yanzu gumi ake yi, mutanen Riyad da Ha'il sun fi mu samun sauƙi da wuri. Saboda haka mu abin da muke ɗauka a matsayin lokacin fita shi ne Nuwamba zuwa ƙarshen Maris, in ka ƙirga Juma'o'in ciki za ka samu 21 ko 22. Ka ga tun ba a je ko'ina ba "kowace Juma'a" ta zube fiye da rabi.

Sai azumi, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa saboda sun saba ganin sa a zafi. Watan yana dawowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, a 2025 da farkon Maris aka ɗauka, a 2026 tsakiyar Fabrairu ya wuce kaɗan, haka zai yi ta shigowa tsakiyar sanyi har a 2030 sau biyu za a ɗauki azumi, a Janairu da kuma Disamba. Ma'ana shekarun nan masu zuwa azumi zai zauna ne daidai a kan mafi daɗin lokacin barr. Za a iya yin buɗa-baki ɗaya a waje kusa da gari, yana da daɗi kam, amma ba wanda zai bar tarawihi da goman ƙarshe ya bi ka hawa tudu, masu aikin umara kuwa, direbobi da 'yan otal da masu shago kusa da Harami, ko barci ba sa samu. Soke Juma'a huɗu, ƙara ta sallah ɗaya don ta ziyarar dangi ce. Saura 16 ko 17. Aikin hajji a yanzu yana faɗowa a bakin zafi ne shi ya sa bai taɓa lissafin sosai ba, amma shi ma yana nan tafe, wanda zai karanta wannan nan da 'yan shekaru sai ya soke nasa.

Soke makonnin jarrabawar yara, biyu ko uku. Ba don doka ba, don dai uban da ya tafi yawon daji ɗansa na da lissafi ranar Lahadi ya san abin da zai tarar a gida.

Sai ruwa. Lokacin sanyin nan da muke so shi ne kuma lokacin da ruwa ke sauka a wannan yankin, ba ya yawa amma in ya zo ba ya sallama. Duk wanda yake Jidda ranar 25 ga Nuwamba 2009 ba sai an yi masa bayanin sel, wato ambaliyar ruwa, ba, mutum fiye da ɗari suka rasu a ambaliyar, Allah ya jiƙan su. Kwarin da ka gani a bushe da rairayi mai laushi kamar an shimfiɗa maka don ka kafa tanti, hanyar ruwa ce, kuma ba sai an yi ruwan a kanka ba, a yi shi can kan duwatsu ka gan shi ya iso maka sama tana garau. Mu dokarmu in hukumar yanayi ta fitar da jan gargaɗi a yankin da za mu, an fasa, ba tattaunawa ba "mu je mu gani". Haka in guguwar ƙura ta taso. Ba za ka san wace Juma'a ce za ta tafi a haka ba amma ka ware biyu zuwa uku, za su tafi.

Kar ka manta da biki da suna da ta'aziyya, mu da ba ma rabuwa da su. Ranar da ɗaya daga cikinku yake aurar da 'yarsa a istiraha, gidan shaƙatawa da ake haya don taro, duk kulob ɗin can zai tare, kuma haka ya kamata. In ka gama duk wannan sokewar za ka ga Juma'o'in da suka rage maka a hannu ba su wuce sha ɗaya ko sha biyu ba. Wannan shi ne rufin ɗaki, ba shi ne adadinku ba.

Madugu nawa gare ku?

A nan ne gaskiyar maganar take. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram a ƙafa da jakuna, suka ratsa Chadi da Sudan wasu shekara da shekaru a hanya kafin su tsallako teku daga Sawakin zuwa Jidda, ba yawan matafiya ne yake sa ayari ya tashi ba, madugu ne, da jagaban da ya san inda rijiya take da inda za a yada zango. Mota ba ta canja wannan ba. Guruf ɗinku ya kai mutum ɗari in ya so, tambayar ita ce mutum nawa ne a ciki za su iya shiga gaba su karanta tudu su san wanne ne bayansa a yanke yake, kuma mutum nawa ne za su iya rufe baya su tsaya da duk wanda ya kafe su ciro shi ba tare da sun tsinke igiya a fuskar wani ba.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wani yaro ne ya shigo mana, yaron kirki, ya sayi mota sabuwa dal ko ledar kujera bai gama cirewa ba. A bakin rairayi kowa ya durƙusa yana rage iskar taya zuwa wajen 15, shi ya ce tasa tana da kwamfuta, ita take sanin ƙasa da kanta. Ba a yi minti ashirin ba ta zauna. Maimakon ya tsaya sai ya ƙara taka totur, tayoyi huɗu suna watsa rairayi sama kamar masu sheƙa hatsi, motar tana nutsewa har cikinta ya kwanta a ƙasa ƙofa ta ƙi buɗuwa. Wani dattijonmu da duk muke ce wa Baffa, tsohon direban tirela ne, ya tako a hankali ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce "ɗana, ɗaga ƙafarka, kabari kake tona mata". Ya tattare jallabiyarsa ya ɗaure a ƙugu, ya karɓi shebur ya nuna mana inda za mu haƙa, gaban kowace taya da ƙarƙashin ciki, ya rage mata iska da hannunsa yana kasa kunne yana jin fitarta, ya sa kowa ya ja baya nesa da igiya, ya jefa tsohon bargo a tsakiyarta saboda in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta tashi sama, sannan ya ce a ja a hankali. Ta fito, amma magariba a nan muka yi ta, da taimama, kuma a duhu muka nemi hanyar kwalta.

Ranar da babu Baffa fa? Shi ne abin da nake so ku tambayi kanku kafin ku rubuta kowace rana a kalanda. Bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne.

Lissafin da muke yi mai sauƙi ne. Kowace fitar rairayi tana buƙatar gwanaye biyu aƙalla, na gaba da na baya, kuma ba ma son gwani ɗaya ya ɗauki fiye da mota huɗu ko biyar a wuyansa. Sai mu tambayi kowane gwani shi kaɗai, a waya ba a guruf ba don kar kunya ta sa ya yi alƙawarin da ba zai cika ba: tsakani da Allah sau nawa za ka iya a wannan sanyin? Galibi huɗu suke cewa, mai ƙarfin hali ya ce biyar. In kuna da gwanaye huɗu kowa sau huɗu, sha shida kenan, a raba biyu tunda bibbiyu ake buƙata, takwas. In biyu gare ku, huɗu ce fitarku, ko da kuwa kalanda ta ba ku sha biyu. Ka ɗauki ƙaramin cikin lambobin biyu, na kalanda da na madugai, shi ne naku.

Wani zai ce sau huɗu kacal a wata biyar ai ya yi kaɗan ga mutumin da yake son abin. To ai shi madugu fita ɗaya kwana biyu take ci masa. Shi ne zai je ya leƙo hanya kafin ranar musamman in an yi ruwa ko iska ta juya tuddai, shi zai ajiye taswira a waya don can babu sabis, shi zai bar saƙo a gida cewa ga inda muka nufa in ƙarfe kaza ta yi ba ku ji mu ba ku kira 911, shi zai bi motoci yana duba wa ya zo da safaya wa ya zo da ruwan sha da zai ishe shi, a ranar kuma ba ya jin daɗin tuƙin kamar kowa, idonsa na madubi kunnensa na oba-oba, kuma shi ne na ƙarshen shiga gida. Ba a biyan sa ko halala, wato ko kwabo. In kuka ɗora masa kowane mako ba zai yi muku faɗa ba, shiru kawai zai yi, wata rana ku ga ya fita daga guruf, kuma a ganina yawancin irin waɗannan kulob ba rashin mambobi ke kashe su ba, gajiyar mutum biyu ne ko uku.

Shi ya sa a cikin adadin namu muke ware fita ɗaya, ta farkon lokaci, ta koyarwa zalla. Wuri mai sauƙi kusa da kwalta, a kafar da mota da gangan a koya wa kowa ciro ta, a koya rage iska da mayarwa, da yadda ake saukowa tudu a miƙe ba a karkace ba. Ba ta da armashi a hoto amma ita ce take haifar da madugun baɗi, kuma ta nan kaɗai adadinku zai iya ƙaruwa.

Akwai kuma wani juyi da yake zuwa in kulob ya girma. Mota sha huɗu a rairayi ba fita ba ce, jerin gwano ne, ana ciro wannan wancan ya kafe. In an fito kuma taya 56 ne suke jiran iska, da kwamfuresa biyu, lissafa da kanka yaushe za a gama. Da kun ga kullum kuna wuce mota takwas gara ku raba gida biyu a ranaku daban-daban, a takarda adadin fita ya ƙaru amma kowane mutum nasa bai ƙaru ba. Sai dai wannan ma sai in madugai sun isa.

Aljihu, mota, da gida

Fetur a nan da sauƙi in ka kwatanta da gida, tun Yuli 2021 aka tsayar da mai lamba 91 a riyal 2.18 lita, 95 kuma 2.33. Amma manyan motocin nan suna sha. A ce tafiyar kilomita 700 ce zuwa da dawowa, motarka na shan lita 15 a kowane kilomita 100, lita 105 kenan, riyal 230 ko kusa da haka, kuma wannan a kwalta ne, a cikin rairayi da ƙaramar giya sha take kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Ƙara kuɗin rago ko kaji, ruwa, ƙanƙara, gawayi. Sannan abin da ba a gani a ranar: matatar iska da rairayi ke toshewa, canjin baƙin mai da wuri, shokazoba, bamba da ta tsage a gangara, kuloci ga masu giyar hannu. Ka kuma karanta takardar inshorarka da kyau, da yawa ba sa biyan ɓarnar da aka yi a cikin rairayi, aljihunka ne.

Yanzu dubi mutanenku. A namu akwai ɗan kasuwa da wannan ba komai ba ne a wajensa, akwai kuma mai albashi da yake biyan haya, yake sabunta iƙamar iyali, wato takardar izinin zama, yake tura na cefane Kano ko Maradi duk wata, kuma motar da yake hawa tudu da ita da ita yake zuwa aiki ranar Lahadi. Shi ba zai taɓa cewa ba shi da kuɗi ba, cewa zai yi yana da uzuri. In kuka auna adadi da aljihun mai kuɗin cikinku, a hankali za ku wayi gari kulob ya zama na mutum huɗu. Mu da mai matsakaicin ƙarfi muke aunawa, kuma doguwar tafiya muna sa ta a makon farko na wata bayan albashi ya shiga, ba a ƙarshensa ba.

Gida kuwa, ba sai na ja magana ba. Mutumin da Juma'a ɗaya yake da ita a mako, ita ce ta kai iyali Harami, ita ce ta gaida surukai, ita ce ta kasuwa. Kulob ɗin da yake cinye ta kullum ya ja wa kansa gaba da matan gida, kuma ba a cin wannan yaƙin. Da muka fara sa kashtar iyali a tsakanin kowace fitar rairayi biyu, ƙorafi ya ragu sosai, yanzu ma su suke tambayar yaushe ce ta gaba, kuma tun da aka ba mata damar tuƙi a 2018 akwai 'yar'uwarmu ɗaya da take zuwa da motarta, ta fi rabin mazan haƙuri a kan totur.

Wuri ma yana da iyaka

Ba ko'ina ake shiga ba yanzu kamar da. Tun da aka kafa manyan gandayen sarauta a 2018 ga kuma jami'an tsaron muhalli suna zagaye, wurare da dama sai da izini, taka ciyayi da mota laifi ne, sare itace ko ƙona itacen gida laifi ne, barin shara ma haka, kuma tarar ba ta wasa ba ce, ta dubban riyal ce. Gawayin da aka shigo da shi daga waje ake saya. Ga mu masu iƙama kuma ba na son a yi sakaci da wannan: abokai su haɗa kuɗin mai da nama su fita abu ne daban, amma da kun fara talla kuna karɓar kuɗin baƙi don ku kai su yawo kun shiga sana'ar da take buƙatar lasisi, in kuma tsere ne da agogo da kofi wannan hurumin hukumar wasannin motoci ne. Tun da gasar tseren motoci ta Dakar ta zo ƙasar nan a 2020, daga nan Jidda ma ta farko ta tashi, balle da Yazid Al-Rajhi ya ci ta a 2025, kowane yaro mai shas, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ji yake shi ne na gaba. Ku kalla a talabijin ko ku je ku tsaya inda aka ware wa 'yan kallo, wannan ma fita ce kuma ba ta buƙatar madugu.

Abin da ya shafi lissafinmu a nan shi ne, ku rubuta wuraren da kuka sani da kyau kuma aka yarda a shiga. In biyar ne, fita goma tana nufin kowane wuri sau biyu, ya yi daidai. Sau huɗu a wuri ɗaya a sanyi ɗaya kuwa mutane za su fara hamma.

Gwada lambar kafin ku yarda da ita

Ku fitar da ranakun gaba ɗaya tun Oktoba, ba a fafe gora ranar tafiya, mai neman hutu a wajen aiki ya nema da wuri. A gaban kowace rana a rubuta wane ne na gaba wane ne na baya, ranar da ba a samu sunaye biyu ba a goge ta tun yanzu. Ku bar Juma'a biyu a buɗe ba komai a kansu, su ne za su karɓi wadda ruwa ko rasuwa ta ɗage, kuma kar wani ya ga fili ya cusa sabuwar fita a ciki.

"In sha Allah zan zo" ba rajista ba ce. Mu wanda zai je yana tura kason abincinsa zuwa daren Laraba, in ya fasa bayan an yi cefane ba a mayar masa, ba don kuɗin ba, don mai dafa kabsa ya san shinkafa nawa zai wanke. Da farko an yi gunaguni wai ba a yarda da juna ba, Baffa ne ya kashe maganar ya fara tura nasa.

Ku samu ɗan littafi ko fayil a waya, bayan kowace fita a rubuta mota nawa ta ce za ta zo, nawa ta zo, wa ya ja, ƙarfe nawa aka dawo, me ya lalace. Layi uku ya isa. A ƙarshen Maris shi za ku buɗe maimakon kowa ya riƙa faɗin abin da ya tuna. In kun ga sau biyu a jere waɗanda suka zo ba su kai rabin waɗanda suka yi alƙawari ba, ko sunan mutum ɗaya ne yake ta maimaituwa a wajen jagora, ku rage biyu baɗi. In kuwa kullum sai an mayar da wasu saboda motoci sun cika, kuma an samu sabon gwani da tsofaffin suka yarda su bi bayansa, ku ƙara ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ba a tsalle daga takwas zuwa sha biyar.

Zafi fa, a bar kulob ya kwanta wata biyar? Ba lallai ba. Sau ɗaya muke hawa Ɗa'if ta hanyar Hada mu sha iska a Shafa, wannan kwalta ce da ɗan tsakuwa, kowa zai iya. Sau ɗaya kuma muna haɗuwa da dare a istiraha, kowa ya buɗe but a baje kaya a ƙasa, a ga igiyar wa ta fara zare, kwamfuresar wa ta mutu, abin kashe gobarar wa ya wuce lokacinsa, a ci mandi a watse. Waɗannan biyun ba ma sa su a cikin lissafin madugai.

Namu na bana tara ne: ɗaya ta koyarwa, huɗu na rairayi, uku na iyali, sai ɗaya mai kwana a Wahba da muka sa a Janairu kafin azumi. Matasanmu sun so a kai sha biyu, sun kawo hujjoji har da cewa kulob kaza a Riyad kusan kowane mako suke fita, Baffa ya saurare su har suka gama sannan ya miƙa wa mai bakin cikinsu shebur ya ce ranar koyarwa shi zai fara haƙa, in ya ciro mota uku ba tare da ya nemi taimako ba za a ƙara ta goma kuma shi zai rufe baya. Yaron ya karɓi shebur ɗin, yana but ɗinsa yanzu haka.